Darasi na Tara: Karanta Mota Kafin Ka Biya Kuɗinta

Mutum yakan shekara biyu yana tara kuɗin mota, ranar saye kuma ya gama ciniki cikin rabin sa'a, don fenti ya yi masa ƙyalli, kujeru sun yi ƙamshi. Wannan darasi na mai son sayen motar iyali ne, irin wadda ake kira salun: ƙofa huɗu, wurin zaman mutum biyar, da but a baya wanda bai haɗu da wurin zama ba. A cikin salun akwai ƙanana, akwai manya, akwai na tsaka-tsaki. Na tsaka-tsakin su ne irin su Toyota Camry, Honda Accord, Hyundai Sonata, Nissan Altima, Mazda6 da Volkswagen Passat. Tsawonsu bai kai mita 5 ba, amma ya kusa. Wasunsu sun daɗe a kasuwa: Accord ta fito a 1976, Camry ta zama mota mai cin gashin kanta a 1982, Sonata kuma a 1985. Daɗewar nan tana da amfani ga mai saye, domin motar da ta yi yawa a kan hanya ba ta wahalar kayan gyara, kuma makanikai sun san halinta.

Ga abin da ya sa muka kawo wannan batu cikin littafin koyon karatu. Kowace mota tana ɗauke da rubutu a jikinta: a gilashi, a bakin ƙofa, a taya, a gaban direba. Mai sayarwa yana iya faɗa maka abin da ya ga dama, amma rubutun nan yana nan, yana jiran mai iya karantawa. Kai kuwa yanzu ka iya.

Sabuwa ko ta hannu?

Sabuwar mota tana zuwa da garanti, wato alkawarin kamfani cewa zai gyara duk lahanin da ya fito daga wurin ƙira, na wasu shekaru ko na wata tazarar tafiya, duk wanda ya riga cika. A Amurka, misali, Toyota da Honda suna ba da shekara 3 ko mil 36,000 a kan motar baki ɗaya. Kowace ƙasa da nata sharaɗin, don haka ka sa a nuna maka a rubuce. Ka kuma karanta abin da ke ɓata garantin. Sau da yawa rashin yin sabis a kan lokaci ne.

Illar sabuwa ita ce darajarta tana faɗuwa da sauri a shekarun farko, ko da ba ta taɓa gogar bango ba. Wanda ya sayi mota mai shekara uku ko huɗu ya bar wa mai ita na farko wannan asarar. Shi ya sa, a ganina, ga mai iyali da kuɗinsa ke da iyaka, ta hannu mai lafiya ta fi. Amma kalmar "mai lafiya" ita ce duk aikin, kuma a kanta za mu tsaya.

Idan bashi za ka ci, kada ka tsaya a kan abin da za ka riƙa biya duk wata. Ka ninka shi sau yawan watannin, ka haɗa da kafin alƙalami, sannan ka gwada jimlar da kuɗin motar na hannu da hannu. Bambancin shi ne abin da bashin ya ci maka. Kuma kada ka zuba duk abin da ka tara a kan motar. Ka rage na rajista, na inshora, na canjin baƙin mai, da na abin da ba ka sani ba tukuna.

Haruffa goma sha bakwai

Ka tsaya a gaban motar, ka leƙa ta gilashin gaba, can ƙasa a gefen direba. Za ka ga wani ɗan ƙarfe mai haruffa da lambobi. Wannan ita ce lambar shasi, wadda a takarda ake rubuta ta VIN. Tun 1981 aka daidaita ta ta zama guda 17 cif. Ka ƙirga da yatsa. Idan ka buɗe ƙofar direba, za ka sake ganinta a wata takarda da aka manna a jikin ginshiƙin ƙofar. Ta uku tana cikin takardun motar. Dole ukun su zo ɗaya, harafi da harafi. In ɗaya ya saɓa, ka yi sallama ka tafi, komai arahar motar.

Abu ɗaya mai daɗin sani: ba a sa harafin I, da O, da Q a cikin wannan lamba, don kada a rikita su da 1 da 0. To in ka ga ɗayansu, ko dai an yi kuskuren kwafa, ko kuma hannu ya taɓa wurin.

Harafin farko yana faɗin ƙasar da aka haɗa motar. J Japan ce, W Jamus, 1 da 4 da 5 Amurka, mafi yawan motocin Koriya ta Kudu kuma da K suke farawa. Na goma ya fi muhimmanci, domin a motocin da aka yi wa kasuwar Amurka shi ne shekarar ƙirar. Daga 2001 zuwa 2009 lamba ce, 1 zuwa 9. Daga nan aka koma haruffa: A ita ce 2010, B 2011, C 2012, D 2013, E 2014, F 2015, G 2016, H 2017. Tunda ba a sa I, sai a tsallake zuwa J, ita ce 2018, K 2019, L 2020. Ana iya canza wa tsohuwar mota fitilu da bamba ta yi kama da ƙanwarta. Idan an ce maka ƙirar 2015 ce, ka ƙirga zuwa na goma ka tarar da C, ka san an ƙara mata shekara uku da baki.

Da wannan lamba kuma ake bincika ko kamfani ya taɓa kiran motar don gyaran wani lahani. Mafi girman irin wannan kira shi ne na jakar iska ta kamfanin Takata, wato jakar da ke kumbura ta kare mutum idan an yi karo, wanda ya shafi miliyoyin motoci na kamfanoni da dama. Ka rubuta lambar a takarda, ka sa wanda ya iya intanet ya duba maka kafin ka koma.

Abin da taya ke faɗa

Ka durƙusa ka duba gefen taya. Ka nemi haruffan DOT, ka bi layin har ƙarshe. Lambobi huɗu na ƙarshe su ne ranar haihuwar tayar: biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2319 yana nufin mako na 23 a shekarar 2019. Roba tana tsufa ko ba a hau ta ba. Tayar da ta wuce shekara shida tana bukatar a sa mata ido, wadda ta kai goma kuwa ta gama aiki, ko da zanenta bai cinye ba. A tsakanin zanen akwai wasu 'yan tudu da aka yi da gangan. Idan zanen ya cinye har ya yi daidai da su, ya rage milimita 1.6 ke nan, tayar ta ƙare. Ka duba duka huɗun, ka ɗaga shimfiɗar but ka duba tayar safiya, da jak, da abin kwance taya.

Tayar da ta cinye ta gefe ɗaya kawai tana ba da labarin ƙafar motar: ko saitinta ya goce, ko an taɓa buga ta.

A gaban direba

Ka zo da safe, ka roƙi kada a tayar da motar kafin ka iso. Ka taɓa bonet ka ji. Inji mai zafi yana ɓoye ciwonsa, mai sanyi ba ya iyawa.

Ka murɗa makulli rabi, ba tare da ka tayar da inji ba. Fitilun gargaɗi duka za su kama: mai hoton inji, mai hoton butar mai, mai hoton batir, mai rubutun ABS, da ta jakar iska. Idan inji ya tashi, sai su mutu ɗaya bayan ɗaya. Mutane sukan ji tsoron wadda ta ƙi mutuwa. Ni na fi tsoron wadda ta ƙi kamawa tun farko, domin akwai masu cire ƙwanta ko su rufe ta don kada ta tona asiri.

Sai mitar tafiya. Ka duba ko da mil take ƙirga ko da kilomita, domin mil ɗaya kilomita 1.6 ne. Motar da ta nuna mil 100,000 ta yi kusan kilomita 160,000. Ita wannan mita ana iya juya ta baya, saboda haka ka gwada ta da abin da idonka ke gani. Idan mita ta ce motar ba ta yi tafiya ba, amma robar birki ta siɗe, sitiyari ya yi santsi, kujerar direba ta lotsa, to ɗayansu yana ƙarya, kuma ba kujerar ba ce.

A ƙarƙashin sitiyari akwai wata 'yar kafa da makanike ke jona kwamfutarsa. Motocin Amurka suna da ita tun 1996, na Turai masu fetur tun 2001. Ka zo da makanikenka, wanda kai za ka biya, ba wanda mai motar ya kawo ba.

Inji, giya da jiki

Yawancin waɗannan motoci masu filogi huɗu ne, inji mai lita 2.0 zuwa 2.5. Akwai masu filogi shida, sun fi ƙarfi, sun kuma fi shan mai. Don kai yara makaranta da ziyarar dangi, mai huɗu ta isa.

Ka buɗe murfin da ake zuba baƙin mai ka duba cikinsa. In ka ga wani abu fari-fari mai kauri, akwai yiwuwar ruwa yana haɗuwa da mai, gaskit ya ƙone. Kada ka buɗe murfin lagireto inji yana da zafi. Ruwan zai yi tsalle ya ƙona ka. Sannan ka sa a taka totur, kai ka koma baya ka kalli salansa. Shuɗin hayaƙi, inji yana ƙona baƙin mai. Baƙi, fetur yana wuce ƙima. Fari mai kauri da ya ƙi ɗaukewa bayan inji ya yi ɗumi, ruwa ne ke shiga inda bai kamata ba. Ka tambaya ko tayimin ɗin injin, wato abin da ke daidaita lokacin aikin sassansa, da bel yake aiki ko da sarƙa. In bel ne, yaushe aka canza shi? Yana da wa'adi a littafin motar, kuma a injuna da yawa tsinkewarsa a kan hanya yana lalata injin gaba ɗaya.

Jikin mota da rana ake dubansa, ba da dare ba, ba cikin ruwan sama ba. Ka tsaya a kusurwa ka kalli gefenta a tsaye, launin ƙofa da ƙofa ya zo ɗaya? Ratar da ke tsakanin bonet da gefe daidai take hagu da dama? Ka naɗe ɗan maganaɗisu a ƙyalle ka bi jikin ƙarfen da shi. Inda ya ƙi kamawa, wataƙila an cike wurin ne aka bi da fenti. Gyaran ƙaramar guga ba laifi ba ne, a rage maka kuɗi kawai. Shasin da ya lanƙwashe aka miƙe shi, wannan kam a bar shi.

Mafi mugunta ita ce motar da ambaliya ta taɓa cinyewa, don waje tas take, wayoyinta ne ke ruɓewa a hankali. Ka rufe gilasai ka shaƙi iskar ciki. Ka ɗaga kafet ka nemi laka ko yashi. Ka ja belin kujera har ƙarshensa ka ga ko akwai shatar ruwa. Ka leƙa ƙarafan ƙarƙashin kujera ko sun yi tsatsa. Turare mai yawa a cikin mota ma abin tambaya ne.

Sai ka tuƙa ta, aƙalla minti ashirin, rediyo a kashe. Giya ta shiga ba fizga, ba jinkiri. Wasu, kamar Altima daga ƙirar 2007, suna da irin giyar da ake kira CVT, wadda ba ka jin canjinta ko kaɗan, kuma man giyarta daban ne. Ka tambaya wane iri aka zuba mata. Ka taka birki a wuri mai fili ka ji ko tana ja gefe. Ka bi ta kan gargada ka saurari ƙafafunta. Kuma tunda ta iyali ce, ka koma kujerar baya ka zauna da kanka, ka gwada belin kowace kujera, da makullin ƙofar baya da ke hana yaro buɗewa daga ciki.

Takarda kafin kuɗi

Sunan da ke takardun motar ya zama na wanda ke sayar maka, ko ya kawo shaidar cewa mai ita ya wakilta shi. Ka tabbata babu bashi a kanta. A rubuta yarjejeniya mai kwanan wata, da sunayenku, da lambar shasi, da abin da mita ta nuna, da kuɗin a lamba da kuma a kalmomi. Shaidu su sa hannu. Ka karanta da kanka, a hankali, ko da ana jiranka. In an ce wani yana tafe da kuɗi yanzu-yanzu, ka ce Allah ya ba shi sa'a.

Aikin aji

Ka kwafi wannan a littafinka ka amsa. Wata taya an rubuta mata 0821: a wane mako aka yi ta, a wace shekara? Wata mota harafi na goma a lambar shasinta H ne, mai ita ya ce ƙirar 2020 ce: shekara nawa ya ƙara?

Ga lissafi. Mota ta farko tana shan lita 8 a kilomita 100, ta biyu lita 11. Kana yin kilomita 1,500 a wata. Ta farko za ta sha lita 120, ta biyu 165. Nemi bambancinsu a wata, sannan a shekara.

Kafin zama na gaba, ka nemi izinin wani mai mota, ka kwafo lambar shasinta duka 17 da lambobi huɗu na tayarta ta gaba, ka zo da su mu karanta tare.