Yadda Ake Yi wa Marubucin Labaran Kimiyya da Almara Tambaya

Idan marubucin ƙagaggun labaran kimiyya ko na almara ya ba masu karatu damar yi masa tambayoyi, ka fara karanta littafin har ƙarshe, domin sau da yawa amsar tana cikin babin da aka tsallake. Tambayar inda yake samo labaransa ta sha maimaici, gara a bar ta. Ka ɗauki abu guda ka bi diddiginsa: idan kumbonsa ya isa duniyar Mars cikin kwana 3, alhali na'urorin da ake harbawa yanzu sukan shafe kimanin wata 7, tambaye shi wane makamashi ya ƙirƙiro masa. Idan kuma tambayarka za ta tona ƙarshen labarin, ka yi gargaɗi tukuna, saboda wasu ba su kai can ba.