Kurakuran da ke tsofar da mutum tun bai kai ba

Kowace al'umma da abin da take kira kyau, kuma kowace da wahalar da take sha a kansa. A Faransa da Amurka akwai masu biyan kuɗi su kwanta cikin na'urar da ke gasa fata don su yi duhu, har hukumar binciken ciwon daji ta duniya ta sanya na'urar cikin abubuwan da ke jawo ciwon daji a 2009. A Japan da Koriya mata na yawo da laima ko babu hadari, gudun kada rana ta taɓa su. A Muritaniya an daɗe ana ɗura wa 'yan mata nonon raƙumi su yi jiki kafin aure, mu ma nan gida mun san hangandi a wajen Zabarmawa. Ita fata ba ruwanta da ra'ayin kowa. Abin da ke tsofar da ita a Paris shi ke tsofar da ita a Bukoki ko Tawa: rana, hayaƙi, sukari, ƙarancin barci, da maganin asibiti da aka mayar kayan kwalliya. Na ƙarshen nan yana cin mutane a Yamai, shi ya sa zan daɗe a kansa.

Haɗin mai

Kin san yadda ake yi. A sayi babbar robar man shafawa, a matse ƙananan bututu biyu ko uku a ciki, a ƙara 'yar kwalbar ruwan da mai shago ya ce tana "fito da kala", a juya da tsinke. A cikin wannan haɗi yawanci abu uku ke aiki: kortizon mai ƙarfi (maganin kumburi da ƙaiƙayin fata), idirokinon (maganin dusar da baƙin tabo), da zaiba.

Ɗauko bututun ki duba ƙananan rubutun. In kin ga "clobétasol 0,05%" ko "bétaméthasone", magani ne kike riƙe da shi, kuma kilobetazol yana cikin mafi ƙarfin abin da likitan fata ke rubutawa. Ana ba da shi ga ciwon fata mai tsanani, a shafa kaɗan a daidai wurin ciwon, mako biyu zuwa huɗu, kada a wuce giram 50 a mako, kuma ba a kai shi fuska. Ke kuma kina mulka shi daga goshi har tafin ƙafa, safe da dare, shekara da shekaru. Hasken da kike gani cikin mako biyun farko daga matsewar ƙananan jijiyoyin jini da raguwar launin fata yake zuwa. A lokaci guda maganin yana hana fata saƙa kolajin, zaren da ke riƙe ta ta tsaya da ƙarfi. Sai ta yi siriri kamar ɓawon albasa, korayen jijiyoyi su fito a cinya da ƙirji, nankarwa mai faɗi ta tsage hammata da ƙugu. Wannan nankarwa ba ta komawa, ko nawa za ki kashe. Bayanta sai ƙuraje a fuska da baya, makero da kyasbi da ke yaɗuwa su ƙi jin magani, gashi a haɓa, da rauni da ba ya warkewa da wuri. Masu ɗinki bayan tiyatar haihuwa sun san irin wannan fata da zare ke yagawa. Kuma maganin yana ratsa fata ya shiga jini, daga nan hawan jini da ciwon sukari ke samun ƙofa.

Idirokinon shi ma yana da wurinsa: kashi 2 zuwa 4 cikin ɗari, a kan tabo kaɗai, da dare, kamar wata uku a tsaya. Tarayyar Turai ta fitar da shi daga kayan kwalliya tun 2001, Kodebuwa kuma ta haramta mayukan bilicin a 2015. In aka shekara ana shafa shi ana shiga ranar Yamai, sai ya juya ya yi akasin abin da aka saye shi dominsa. Baƙin tabo mai shuɗi-shuɗi ya bayyana a saman kumatu, gefen ido da bayan wuya, da ƙananan gudaji in kin shafa da yatsa. A nan ne ake tafka kuskuren da ya fi ɓata mini rai: mace ta ga tabon, ta koma wurin wanda ya sayar mata, shi kuma ya ba ta wanda ya fi ƙarfi. Tabon daga man yake. Ƙara mai ƙara tabo ne, kuma irin wannan tabo ko a hannun ƙwararren likita da ƙyar yake dusashewa.

Zaiba kuwa ba a cika rubuta ta a kwali ba. Tana lalata ƙoda da jijiyoyi, tana kai wa ɗan tayi da jaririn da ke shan nono, tana manne a tawul da zanin gado har ta shafi miji da yara.

To, wadda ta gane ta ce yau ta daina, ita ma tana iya faɗawa wani ramin. Fatar da ta saba da kortizon in aka yanke mata lokaci guda sai ta yi ja, ta yi zafi da ƙaiƙayi, ƙuraje su feso, cikin kwana goma mace ta koma wa robarta tana cewa ba za ta iya ba. Ga yadda na fi so a bi. Ki tattara duk abin da kike shafawa, har sabulu, ki kai wa likitan fata ya gani da idonsa. Idirokinon da duk abin da ake zargin akwai zaiba a ciki, a ajiye su ranar. Kortizon kuma a sauka a hankali: kwana ɗaya a shafa, kwana ɗaya a huta na mako biyu, sannan sau biyu a mako, ko likita ya mayar da ke kan mai sauƙi irin idirokortizon kashi 1 kafin a yanke. A auna jini da sukari tun farko. Man kaɗe tsantsa ko bazalin su maye gurbin haɗin. Ki kuma sani akwai watannin da za ki yi dabbare-dabbare, ki fi yadda kike a da duhu, kafin launinki ya daidaita. Masu komawa a wannan gaɓa suke komawa. Mai juna biyu ta gaya wa ungozoma gaskiyar abin da take shafawa tun awon farko.

Kuma laifin ba na mai shafawa kaɗai ba ne. Malam, kai da ke zaune a fada kana cewa "fara ko mayya ce", kai ne kasuwar wannan mai. Hajiya uwar amarya, ke da ke kai yarinya 'yar shekara goma sha takwas gyaran jiki ki ce a fito miki da ita fes cikin mako biyu, me kike zaton ake zubawa a dilkar da ke canza launi cikin kwana goma sha huɗu? Dilka da kurkum da halawa na asali suna cire dattin fata su sa ta sheƙi, iyakarsu ke nan. Duk abin da ya wuce haka, an sa bututu.

Ƙwayar ƙiba

Kortizon ɗin nan dai shi ne, sai dai wannan karon ta baki. Ƙananan ƙwayoyin da ake sayarwa a tire ana cewa suna sa jiki, galibi dekizametazon ne, wani lokaci haɗe da sipiroheptadin mai buɗe ciki da sa barci. Dekizametazon ya fi kortizon ɗin da jiki ke yi da kansa ƙarfi kusan ninki 25. Ƙibar da yake kawowa ruwa ne da kitse a inda ba a so: fuska ta kumbura ta yi zagaye, tozo ya fito a bayan wuya, tumbi ya turo, hannuwa da ƙafafu kuma su rame domin naman tsoka ne ke narkewa. Ƙashi ya yi rauni, yanar ido ta zo da wuri, haila ta rikice. Yarinya 'yar ashirin da biyar sai ka ba ta arba'in.

Wanda ya wuce mako uku yana sha, kada ya yanke da kansa. Gaɓoɓi biyu ƙanana da ke saman ƙoda, masu yin kortizon na jiki, sun riga sun kwanta. In ƙwaya ta tsaya kwatsam jini na iya faɗuwa, da amai da suma, har a rasa rai. Ragewa aikin likita ne. Mai son jiki kuma ta fara binciken abin da ya hana ta: tsutsar ciki, tarin fuka, ciwon sukari, maƙoƙo, ko damuwa. In babu ko ɗaya, a ƙara cin abinci sau biyu tsakanin manyan ukun: fura da nono, ƙwai biyu, gyaɗa cikin tafin hannu, dabino, wake, cukwi. Rabin kilo a mako ya isa.

Rana, hunturu da soso

Baƙar fata tana jinkirta tamoji fiye da farar fata, wannan gaskiya ne, amma tsufanta ta tabo da rashin daidaiton launi yake fara nunawa. Daga ƙarfe 11 zuwa 4, musamman a Afirilu da Mayu da zafi ke haura digiri 40, a nemi inuwa. Man kariya daga rana mai lamba 30 zuwa sama yana aiki in an shafa isasshe: layi biyu tsawon yatsa biyu don fuska da wuya, a sake bayan awa biyu in ana waje ana gumi. Ɗigo ɗaya da safe asarar kuɗi ne. Mai tabon da juna biyu ke bari a kumatu ta nemi mai launin ƙasa-ƙasa, ya fi farin man ba ta kariya. Wanda kuɗinsa bai kai ba, malfa mai faɗi da mayafi mai kauri sun fi babu nesa ba kusa ba. Buzaye ba don ado kaɗai suke naɗa rawani ba.

A hunturu kuskuren shi ne ruwa mai zafi sosai, sabulun salo a fuska kullum, da dirza da soso har fata ta yi ƙara. Dirza ba ta cire baƙi, ƙara shi take yi, domin fatarmu da duhu take amsa duk wani rauni. Ruwa mai ɗumi, minti biyar zuwa goma, soso sau biyu a mako, sannan a shafa man kaɗe cikin minti uku da fitowa, jiki da sauran danshi. In aka bari ya bushe ƙarau kafin a shafa, maiƙo kawai aka ɗora a kan kirci.

Maza, ku ma ku matso

Shayin fada zagaye uku ne, kowane da sukarinsa, a yi da rana a sake da dare. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babba kada ya wuce kusan giram 50 na sukari a yini, in ya tsaya a 25 ya fi. Ƙwayar sukari ɗaya ta kwali giram 5 zuwa 6 ce, gwangwanin lemo ɗaya kusan 35. Yi lissafinka. Sukarin da ya yi yawa a jini yana manne wa kolajin ya sa shi tauri, ga tumbi, ga haƙora. Ni dai shawarata a rage rabin sukarin butar, baki na sabawa cikin mako biyu, kuma a daina shayi mai ƙarfi da goro bayan la'asar. Abin da ke hana barci a cikinsu rabinsa na nan a jini bayan awa biyar, shi ya sa mai shan na farko ƙarfe goma na dare yake juyi har ɗaya, ga asuba na jiransa. Babba na buƙatar awa bakwai zuwa sama. Abin da dare ya rage, ƙailular minti ashirin zuwa talatin ta taimaka. Shisha kuma ruwan tulun ba ya hana gubar hayaƙin wucewa, zama ɗaya na awa guda hayaƙinsa ya ninka na karan sigari sau da yawa, kuma shi ke baƙanta leɓe ya tara tamoji a gefen baki.

Sauran ƙanana ne, amma ana ta maimaita su. Lemon tsami a fuska a fita rana yana ƙona fata ya bar tabo. Matse ƙurji ɗaya, tabon wata shida. Baƙin lalle da aka haɗa da rinin gashi yana iya tayar da bororo a daidai zanen. Jan lalle na ganye ba ya haka. Kwallin dutse sau da yawa dalma ce, kada a sa wa jariri. Kitson da sai an sha maganin ciwon kai kafin a yi barci, a kwance shi, shi ke cinye gashin gaban goshi har ya ƙi dawowa. Man miƙar da gashi a bar aƙalla mako takwas tsakani, a kan sabon tsiro kaɗai. Girki da itace a rufaffen ɗaki, da turaren wuta ba a buɗe taga ba, ido da huhu ke biya. Dunƙulen miya kusan rabinsa gishiri ne, wanda ya jefa uku a tukunya kada ya ƙara gishiri.

Akwai kuma wanda ba ya cikin madubi sai an makara. Daga shekara talatin naman tsoka ke fara raguwa, kuma mai hawa babur daga ƙofar gida zuwa masallacin unguwa nasa ya fi saurin raguwa. Tafiyar ƙafa mai ɗan sauri minti 30, kwana biyar a mako, bayan asuba ko da yamma liƙis. A haɗa da tashi-zauna daga kujera ba tare da dafa gwiwa ba, sau goma, a huta, a sake har zagaye uku, kwana biyu ko uku a mako. Mai ciwon gwiwa ya fara da kujera mai tsayi, ya sauko zuwa gajera in ƙafa ta yi ƙarfi.