Yadda Ake Tattara Tarihin Manyan da Ke Kwance a Wurno

Wanda yake son sanin manyan mutanen da aka binne a ƙaramar hukumar Wurno ta jihar Sakkwato, ya fara da fadar garin, ya yi gaisuwa, ya bayyana abin da ya kawo shi, domin ba a kutsawa maƙabartar mutane ba tare da izinin masu gari ba. Daga nan sai ya nemi a haɗa shi da masu kula da hubbaren Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ɗan Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wanda ya mayar da Wurno ribaɗinsa, wato sansaninsa na tsaron iyaka, ya kuma rasu a can a shekarar 1837.

Idan ya isa ƙofar hubbaren, ya tuɓe takalmi, ya yi wa mamata sallama da addu'a, kada kuma ya ɗauki hoto sai an yarje masa.

Aikin da ya fi wuya yana wajen tsofaffin kaburbura, waɗanda galibi tudun ƙasa ne kawai babu suna babu shekara, saboda haka bakin dattawa ne madogara. A ganina kuskure ne babba a tsaya kan mutum ɗaya. Ya zauna da dattawa biyu ko uku, kowa daban, ya rubuta sunan mamacin da nasabarsa da sarautar da ya riƙe, ya kuma lura da inda bayanansu suka saɓa. Shekarun da za a ba shi na Hijira ne, sai ya juya su da kansa: 1253 ita ce ta rasuwar Bello. Bayan ya koma Sakkwato, ya gwada abin da ya ji da rubuce-rubucen da ke Cibiyar Tarihi ta Waziri Junaidu.