Shawara ga iyayen 'yan mata a makarantun gwamnati

Assalamu alaikum 'yan uwa. Iyayen da ke da 'ya'ya mata a sakandaren gwamnati nan Kebbi, don Allah ku riƙa leƙa makaranta da ƙafarku.

Shirin AGILE na bunƙasa karatun 'yan mata, wanda Bankin Duniya ke tallafawa, jiharmu na cikin jihohi 7 na farko da suka shige shi. Akwai tallafin kuɗi ga 'yan mata daga gidajen marasa ƙarfi, amma da sharaɗi: sai yarinya tana zuwa aji. Rajistar kiran suna ita ce shaida. Wadda ake tura wa talla ranar kasuwa, ko ta ɓace duk lokacin girbin shinkafa, kada a yi mamaki in an tsallake ta.

Ku duba yadda aka rubuta sunanta a rajista, ya yi daidai da na takardar haihuwa da lambar NIN. A'isha a nan, Aishatu a can, wannan kaɗai ya isa ya wahalar da ku.

Gyaran rufi, kujeru da banɗaki kuwa, ta hannun kwamitin kula da makaranta na SBMC kuɗin ke bi. Iyaye na da wakilci a ciki, kodayake da yawanmu ba mu ma san shugabansa ba. Ku tambayi shugaban makaranta ranar zamansu, ku je.

Wanda ya ce ku ba da na goro kafin a sa sunan 'yarku, kada ku ba shi ko sisi. Ku kai ƙararsa ma'aikatar ilimi a Birnin Kebbi.