Yadda ake hawa jirgin ƙasan cikin gari a Laleli

'Yan'uwa 'yan Kantin Kwari masu zuwa sari Istambul sun dame ni da tambayar nan. Ga yadda ake yi daga ƙaramar tashar Laleli, layin T1.

1. Tanadi takardun lira tun daga masauki.
2. Je wurin injin kati mai ruwan ɗorawa da ke bakin tasha.
3. Sayi katin Istanbulkart.
4. Zuba masa kuɗi. Hattara, injin ba ya ba da canji. Abin da ka saka ya shige kati. Ni ma ya taɓa cinye min babbar takarda.
5. Duba allon inda jirgin ya nufa; Kabatash da Bagjilar su ne tashoshin ƙarshen layin. Nan ake yawan kuskure: mai zuwa babbar kasuwa ta Beyazit ko Sultanahmet ɓangaren Kabatash zai tsaya. Bagjilar kuwa baya ce, hanyar Aksaray.
6. Ɗora katin a kan ƙofar shiga har ta yi ƙara.
7. Bari masu sauka su fito.
8. Shiga, ka maido jakarka gaba, akwai 'yan sane.
9. Kama ƙarfe. Unguwar tudu ce da gangara, kamar gindin Dala, kada dilarka ta gangara kan ƙafar wani.