Yadda ake girka manhajar Arduino, da abin yi idan allon ya ƙi karɓar shiri

Ɗalibin da ke karatun injiniya a makarantar Polytechnique ta Jami'ar Marwa ko a IUT ta Ngaundere, haka ma mai sana'ar lantarki a Garwa da ke son haɗa na'urar kunna famfon ruwa mai aiki da hasken rana, ko ba daɗe ko ba jima sai aiki ya haɗa shi da allon Arduino, wato ƙaramin allon lantarki da ake rubuta wa shiri don ya sarrafa na'urori. Manhajar da ake rubuta masa shiri da ita, wato Arduino IDE, kyauta ce, kuma daga shafin arduino.cc kaɗai ya kamata a sauke ta.

Kafin ka ɓarnatar da kuɗin intanet, ka san cewa manhajar iri biyu ce. Akwai tsohuwar, wadda ta tsaya a lamba 1.8.19, sannan akwai sabuwar, mai lamba 2, wadda ta fito a watan Satumba na 2022. Sabuwar tana ƙarasa maka kalmomi yayin da kake rubutu, amma tana buƙatar Windows 10 ko sama da haka mai bit 64, tana da nauyi a kan kwamfutocin hannu da yawancinmu ke saya na gwanjo, kuma a buɗewar farko sai ta nemi intanet don ta sauko da kayan allon Uno da Nano, wato fayilolin da take buƙata don aiki da waɗannan nau'o'in Arduino biyu. Tsohuwar kuwa tana zuwa da waɗannan kayan a cikinta. A ganina, wanda kwamfutarsa ta kwana biyu, ko wanda yake zaune inda sabis ke zuwa yana tafiya, ya fara da 1.8.19.

Tsohuwar tana da wata dabara da sabuwar ba ta da ita. Idan ka sauke ta a matsayin fayil ɗin zip, ka warware shi, sannan kafin ka buɗe manhajar ka ƙirƙiri jaka mai suna portable a wurin da arduino.exe yake, to duk laburare, wato shirye-shiryen da wasu suka riga suka rubuta don a ɗora aiki a kansu, da kayan allon da ka ƙara daga baya a cikin wannan jakar za su zauna. Ke nan mutum ɗaya ya sauke komai a inda intanet ke da ƙarfi, ya kwafe a filashi, wadda muke kira kile, ajin gaba ɗaya su raba ba tare da kowa ya sake saukewa ba.

Bayan girkawa, wurin da aka fi tuntuɓe shi ne direba, wato ƙaramar manhajar da ke sa kwamfuta ta gane allon. Allon Uno na asali yana magana da kwamfuta ta wani guntu mai suna ATmega16U2, wanda direbansa ke zuwa tare da manhajar, amma yawancin allunan da ke kasuwanninmu kwaikwayo ne masu ɗauke da CH340 na kamfanin WCH na ƙasar Sin. Wannan ba aibi ba ne, suna aiki lafiya lau, sai dai Windows ba kullum take gane su da kanta ba. Ka jona allon, ka buɗe Gestionnaire de périphériques, tunda kwamfutocinmu galibi da Faransanci suke, ka duba ƙarƙashin Ports (COM et LPT). In ka ga sunan CH340 da lamba kamar COM3, an gama. In kuwa ka ga na'urar da ba a sani ba da alamar rawaya, sai ka girka direban CH341SER daga shafin kamfanin, ka cire allon ka sake jonawa. Allunan ESP32 kuma, wani irin allo da ake rubuta wa shiri da wannan manhajar, da damansu guntun CP2102 suke ɗauke da shi, direbansa na Silicon Labs ne.

Idan babu abin da ya bayyana sam, alhali fitilar allon tana kunne, ka fara zargin kebul kafin ka zargi manhaja, domin kebul na caji da yawa wuta kawai suke kaiwa, babu wayoyin bayanai a cikinsu.

Daga nan sai ka shiga Outils a cikin manhajar Arduino, ka zaɓi irin allon da lambar COM ɗinsa, ka gwada tura misalin Blink, wato shirin gwaji mai sa fitilar allon ta dinga kunnuwa tana mutuwa. Idan allon Nano ne kuma saƙon "programmer is not responding" ya fito, kusan kullum dalilin shi ne a 2018 aka canza wa Nano na asali ƙaramin shirin da ke karɓar turawa, alhali na kwaikwayo da yawa sun ci gaba da tsohon. Sai ka je Processeur ka zaɓi ATmega328P mai alamar Old Bootloader. Ka kuma cire duk wayar da ke jone a ƙafa ta 0 da ta 1 lokacin turawa, saboda ta nan kwamfuta ke magana da allon. Saƙon da ke cewa an kasa buɗe COM kuwa yana nufin wata manhaja ta riƙe shi, sau da yawa wata tagar Arduino ce da aka manta a buɗe.

Game da sabuntawa, kada ka danna amincewa don kawai saƙo ya fito, musamman idan ranar gabatar da aikinka ta ƙarshen shekara ta kusa. Lokacin da kayan ESP32 suka koma lamba 3.0 a 2024, an cire umarnin ledcSetup, kuma shirye-shiryen da ke sarrafa gudun injin lantarki ko hasken fitila da shi manhajar ta daina karɓarsu. Gestionnaire de cartes, wato sashen manhajar da ake sauke kayan allo, yana ba ka damar zaɓar tsohuwar lamba, don haka ka rubuta lambar kowace laburare a saman shirinka, ka kuma kwafe jakar Arduino da ke cikin Documents kafin ka taɓa komai.

Saura maganar ɗauke wuta. Idan wuta ta tafi ana tsakiyar tura shiri, allon ba ya lalacewa, sake turawa kawai za ka yi. Idan kuma intanet ne ya yanke ana tsakiyar sauke kayan allo, har manhajar ta dinga cewa fayil ya gurɓace, ka shiga AppData, sannan Local, sannan Arduino15, ka share abin da ke cikin jakar staging, ka sake saukewa a lokacin da sabis ya fi sauƙi, wato da tsakar dare ko da asuba.