Ajiye kayan miya a firiza kafin damina: kurakuran da aka fi yi

Daga Janairu zuwa Maris tumatirin noman rani yakan cika kasuwa. A Kano, na Kadawa da Kura ya fito kasuwar Kwanar Gafan, ya shigo ta 'Yankaba, farashin kwando ya faɗi warwas. Da damina ta kankama kuma sai a koma ƙirga ƙwaya. Shi ya sa uwargida mai firiza take son ɗiban rabonta tun yana araha. Dabara ce mai kyau, sai dai da yawa kayan nasu ba ya kai watan Yuni.

Tun a kasuwa ake fara kuskure. A ga saman kwando jajir, a biya, a zo gida a tarar da fasasshe a ƙasa yana tsiyayar ruwa. Ki sa a juye miki a gabanki. Sanyi ba ya gyara abin da ya fara ruɓewa, tsayar da shi kawai yake inda ya same shi. Ki zaɓi mai tsoka, irin wanda ake kira UTC, ki je da sassafe, kuma ranar da kika saya ranar za ki yi aikin.

Babban kuskuren shi ne a kai markaɗe, a ɗura shi ɗanye a katuwar roba a tura firiza. Yawancin abin da ke cikin tumatir ruwa ne, wato ƙanƙara kike bai wa wuri. Ki zuba markaɗen a tukunya, ki bar ta a buɗe, ya yi ta tafasa har kumfa ta kwanta, ya yi kauri, cokali ya riƙa barin hanya idan kin ja shi. Sai ya huce sarai, sannan ki ƙulla a ƙananan ledoji, kowace daidai miya ɗaya, ki matse iska ki shimfiɗa su a kwance. Mai katuwar roba kullum sai ta narkar da duka don cokali uku ta mayar, a nan tsami yake shiga. In robar za ki yi amfani da ita, kar ki cika ta maƙil, ruwa yana kumbura in ya daskare.

Alayyahu, karas da koren wake kuwa sai an ɗan tsoma su a tafasasshen ruwa na minti 2 zuwa 3, a juye a ruwan sanyi, a tsane. In ba haka ba launi da ɗanɗano duk su gudu. Attaruhu da tattasai ba su buƙatar wannan, a wanke a cire hanci, su bushe. Salak da kokwamba kar ma a soma, laushi za su yi. Albasa wuri mai iska take so.

Sai maganar wuta, wadda masu ba da shawara suke tsallakewa. Firiza cike taf, in ba a buɗe ta ba, tana riƙe sanyi wajen awa 48. In rabinta ne da kaya kuwa, awa 24. Ki cike gurbi da robobin ruwa, ki hana yara neman ruwan sanyi a ciki. In unguwarku takan kwana uku ba wuta, raba kayan biyu: rabi a firiza, rabi ki yanka ki shanya ya zama kauɗa tun iskar hunturu tana kaɗawa.